Zaren da Ya Tsinke a Tsakar Gida

Duk wanda ya shiga karofin Ƙofar Mata a birnin Kano da hantsi, hancinsa ne zai riga idonsa sanin inda ya zo. Wani tsami ne mai haɗe da ƙaurin toka, irin wanda kan bi mutum har gida. Daga nan sai ramukan, ga su nan reras kamar gurabun dara, kaɗan cike da baƙin ruwa mai kumfa, da yawa kuwa ƙasa da leda sun binne su. Allon da ke bakin ƙofa ya ce an kafa wurin a 1498, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Marini na zaune a bakin rami, ya tsoma zane, ya ɗaga shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Nan baƙi ke tsayawa su ɗauki hoto, su sayi ɗan ƙyalle, su tafi da zaton sun ga sana'ar gaba ɗaya.

Alhali abin da suka gani wutsiyar aikin ce. Zanen nan da ke hannun marini, mai ɗaruruwan ƙulle-ƙullen da za su fitar da ado in an kwance su, mata ne suka zauna da zare da allura a cikin gida suka ƙulla shi. A da kuwa, ba ƙullin kaɗai ba, zaren kansa daga ɗakin mace yake fitowa. Karofi da masaƙa da mabuga duk suna waje inda ido ke gani, amma cibiyar sana'ar tana tsakar gida, kuma a can ne ta fara mutuwa.

Taskirar kaka

Na taso na tarar da kakata, mahaifiyar babana, da wata taskira da ba a yarda yaro ya taɓa ba. A ciki akwai mazari biyu, da curin alli, da 'yar fata da ta yi sulɓi don tsufa. Bayan an yi la'asar, aikin gida ya lafa, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin bango ta jawo ta.

Aikin yakan faro ne tun kafin mazari. Audugar da aka kawo daga gona tana ɗauke da guryarta, sai an gurje. Za ta ɗora ɗan kaɗan a kan magurji, ta murza da siririn ƙarfe da tafin hannu biyu, gurya ta riƙa faɗowa gefe. Ba a zubar da ita: wata iri ce ta baɗi, wata ta dabbobi. Sai shiɓa. Da ɗan ƙaramin baka take yi, ta riƙa fizgar tsirkiyar cikin audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfar sabulu. Sannan ta naɗe ta, ta zama sutu.

Kaɗin shi ne abin kallo. Sutu a hannun hagu an ɗaga sama, mazari a hannun dama, tsininsa a kan 'yar fatar nan. Ta dangwali alli don kada yatsu su yi santsi, ta murza mazari, gululun yumɓun da ke gindinsa ya riƙe juyin, zare ya riƙa fitowa daga cikin audugar kamar dama can yana ciki jira yake. Idanunta ba sa kan aikin. Tana hira, tana tsawata wa jika, tana amsa sallama, yatsun ne ke ganin kauri da siranta. In siririn zare mai ƙarfi ake so, irin wanda zai jure ja a masaƙa, sai ta ƙara murɗi. In abawa ce, mai kauri da taushi, sai ta sassauta. Ranar da na faki idonta na ɗauki mazarin, abin da na fitar ya fi kama da hanjin kaza. Da ta gani, abin da ta ce kawai shi ne: “Ɗan nan, auduga ba ta son mai sauri.”

A da, wannan zare kuɗi ne. Matar da ke kulle ba ta zuwa kasuwa, amma zarenta yana zuwa, yaro ko wata tsohuwa ta kai, a dawo mata da abin da za ta zuba adashi, ta sayi tasa da kwano na auren 'yarta. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, kaɗi na fitowa a matsayin aikin yau da kullum na matan gida. Kuma mace ɗaya, komai gwanintarta, ba ta iya wadatar da masaƙi ɗaya. Sai hannun mata da dama ya taru kafin ƙoshiya ta yini tana gudu.

Masaƙa biyu, ta waje da ta ɗaki

A ƙasar Hausa saƙa iri biyu ce, kuma kowace da masu ita. Ta maza ita aka fi sani. Masaƙi yakan fara da wadari, ya kafa turaku a fili ya riƙa kai da komo da zare har ya sami tsawon da yake so. Sai ya zura zaren ɗaya bayan ɗaya cikin allira da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa can nesa a jikin kunkuru, wato katakon da aka danne da dutse, wanda zai riƙa jansa a hankali yayin da saƙa ke ci. Ƙafa na taka takala, zare ya buɗe baki, hannu ya wurga ƙoshiya da kwarkwaronta, matsefi ya buga. Abin da ke fitowa siririyar ƙwarya ce mai tsawo, galibi ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Sai an yanka an jera an ɗinke gefe da gefe kafin ta zama riga ko zane ko bargo.

Daga wannan siririn abu ne aka sami fari, da saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, da barage, da luru na lulluɓa lokacin hunturu. Akwai kuma tsamiya, silikin ƙasarmu, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa da ke cin ganyen itatuwa irin su tsamiya. Mata ke dafa gidan da ruwan toka, su wanke, su kaɗa, ya fito da launin ƙasa-ƙasa. Jan alharini kuwa a da ta hamada fatake ke kawo shi daga Tarabulus. A Borno, ƙwaryar saƙa da ake kira gabaga har kuɗin ciniki ta zama. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai a wannan yanki: a kogunan duwatsun Bandiagara da ke Mali an tono tufafin ƙwarya-ƙwarya rinannu da baba, waɗanda suka kai ƙarni na 11 da na 12.

Saƙar mata kuwa ba ta fita waje, shi ya sa ba a cika ba da labarinta ba. Masaƙar tsaye ce, sanduna ne aka ɗaure aka jingina da bangon ɗaki ko na rumfa. Mace na zaune a gabanta, ta ɗaga zare da hannu, ta zura na gicciye, ta danne da akwasa. Ba ta da saurin ta maza, amma tana ba da faɗi, har a sami zane daga fale biyu ko uku. Gwado da majanyin goyo daga nan suke fitowa. Kuma ta dace da rayuwar mai ita: tana iya ajiye akwasa ta duba tukunya, ta ba yaro nono, ta dawo ta tarar da aikinta inda ta bar shi. Irin wannan masaƙa ce matan Bida da na Ilori da na Okene da na Akwete suka riƙe har ta yi musu suna.

Yadda kore ke zama shuɗi

Baba ɗan ƙaramin tsiro ne mai ƙananan ganye, ana shuka shi a gona. A wuraren da suka fi damshi akwai talaki, wanda Yarabawa ke kira elu, shi ma yana ba da launi iri ɗaya. Abin mamakin shi ne, in ka murje ganyen baba a hannu ba za ka ga shuɗi nan take ba. Launin a ɓoye yake, sai ganyen ya jiƙa ya ruɓa sannan ya bayyana. Da ya bayyana kuma ga wata matsalar: shuni ba ya narkewa a ruwa. Ko ka kwaɓa shi ka tsoma zane, wanki ɗaya zai zube.

Kakanninmu sun warware wannan tun ba a san sunan sinadari ba. A cika rami da ruwa, a zuba toka da katsi, wato laka ta gindin tsohon rami da aka cura aka ƙona, sannan a zuba busasshen baba. Ruwan toka yana da kaifi, kuma cikin wannan kaifin ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ke cin ganyen, su shanye iskar da ke cikin ruwan. In iska ta ƙare, shuni yakan sauya hali ya narke, ya koma ruwan kore-kore mai ɗan rawaya. A haka yake shiga cikin zare. Da an ɗaga zanen iska ta buge shi, sai ya koma halinsa na farko, ya daskare a cikin zaren, ba fita. Duk wanda ya tsaya a bakin rami zai ga wannan da idonsa: zane ya fito kore, kafin ka ƙirga ashirin ya fara rikiɗa.

Shi ya sa rini ba a yinsa da tsomi ɗaya. Tsomi kaɗan shuɗi mai haske, tsomi da yawa shuɗi mai duhu, har a kai wanda Bahaushe ke kira baƙi. Ramin kuwa rai gare shi. Sai an jira shi kwanaki kafin ya nuna, ana motsa shi da muciya, ana duba kumfarsa, ana shinshina, wasu tsofaffin marina har ɗanɗanawa suke yi. Sanyi na sa shi nawa, in ya gaji kuma ya zama dagwalo. Bangon ramin ma daga jikin sana'ar ake samunsa, domin da katsi ake haɗa lason da ake shafe shi don kada ya tsiyaye.

Daga karofi sai mabuga. A shimfiɗa rinannen zane a kan gungume, a barbaɗa garin shuni, maza su sa tabarya su yi ta bugu bi da bi har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Garin Kura, kudu da Kano a kan hanyar Zariya, shi ya yi fice a wannan, har rawani ya ci sunan ɗan Kura. Turkuɗin Kura, wanda ƙwaryarsa ba ta fi faɗin yatsa ba, shi Buzayen Agadas da na sauran sassan hamada ke naɗawa. Shunin da ke zuba a fatarsu ado ne a wurinsu, kuma shi ya sa Turawa suka laƙaba musu shuɗɗan mutane.

Lokacin da Kano ke tufatar da ƙasashe masu nisa

A 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, kuma wanda ake kaiwa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300. Ya ga kayan Kano na tafiya arewa har Murzuk da Gat da Tarabulus. Amma abin da ya fi jan hankalinsa, shi da ya san manyan masaƙun Turai na lokacin da irin wahalar ma'aikatansu, shi ne duk wannan arziki a cikin gidaje ake samar da shi, iyali na cin abinci da sana'ar ba tare da sun bar zamansu na gida ba.

Ba birni kaɗai ba ne. Binciken Philip Shea, masanin tarihin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna yawancin rinin fatauci a garuruwan karkarar Kano ake yinsa, irin su Kura da maƙwabtanta. Manomi ya noma auduga da baba, mace ta kaɗa, masaƙi ya saƙa da rani, maɗinki ya haɗa, marini ya rina, mabugi ya buga, dillali ya sayar, falke ya ɗauka. Riga ɗaya takan ratsa gidaje bakwai ko takwas, kowanne ta bar masa abin tuwo. Sunayen unguwanni na nan suna ba da shaida: Soron Ɗinki a Kano, Marina a Sakkwato. Harshe ma ya riƙe nasa. Har yau mai tunani yana “saƙa da warwara”, maƙiyi yana yi wa mutum “saƙa da mugun zare”, ko da mai maganar bai taɓa ganin ƙoshiya ba.

Inda aka fara saki

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ba ya buƙatar gona ko ruɓa. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, da burin kwashe audugar ƙasashen da suka mallaka zuwa masaƙunsu na Lankasha. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 da wannan fata. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba: masu kaɗi da masaƙa na gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Saƙar gida ta yi shekaru tana ja da akoko da atamfar da jirgin ke kawowa.

Abin da ya karya ta daga ciki ya zo. Zaren inji, mai arha, mai kai ɗaya, wanda ba ya tsinkewa, ya shigo kasuwa, musamman bayan an buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau. Masaƙi bai yi asara nan take ba, sauƙi ma ya samu. Wadda ta yi asara ita ce mai mazari. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya rufe wata ƙofa. Kawai yaron da aka aika da zare kasuwa ya fara dawowa da shi, ko da kuɗin da bai kai na audugar ba. Mata suka koma ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da saƙar zaren ulu, 'ya'yansu suka tashi ba su koya ba. Ilimin da ke cikin yatsu kuwa, tsara ɗaya ta tsallake shi, ya tafi.

Manyan masaƙun da suka kori mazari su ma ba su tsira ba. Rashin wutar lantarki da kwararar yadi mai arha daga Asiya sun durƙusar da mafi yawansu a farkon wannan ƙarni. Rini kuwa bai mutu ba, sauya kama ya yi. Yau a unguwannin Kano ana rina shadda a cikin duro da garin kala na kanti da soda mai cin hannu, a gama cikin sa'a guda, ruwan ya bi kwata.

Tukunya ɗaya ta isa

A ƙasar Hausa rinin rami na maza ne, amma rini ba dole sai da rami ba. Matan Abekuta da Oshogbo a manyan tukwanen ƙasa suke rina zanensu na adire a bayan ɗaki. Launuka da yawa kuma suna nan cikin abin da muke gani kullum. Saiwar rawaya, wadda launin ya ci sunanta, tana ba da ruwan ɗorawa. Karan dafi da ɗan kanwa yana ba da jan da dukawa suka daɗe suna rina fata da shi. Lalle na ba da ja mai ƙasa-ƙasa, ɓawon albasa ruwan zinariya, dakakken goro launin tsatsa, irin wanda masu rini a Gini da Saliyo ke haɗawa da baba. Bagaruwa in ta gamu da ruwan da aka jiƙa tsohon ƙarfe sai ta koma toka-toka zuwa baƙi. Da irin wannan haɗi ne, na ganyen marke da laka mai ƙarfe, mutanen Mali ke yin zanen bogolan.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Na taɓa dafa zoɓo mai kauri na tsoma farin ƙyalle, ya fito jawur, na shanya ina ta murna. Wanki ɗaya da sabulu ya koma kalar ruwan wanke-wanke. Kurkum ma haka, ya yi kyau ranar farko, rana ta cinye shi cikin 'yan kwanaki. Ba kowane abu mai ɓata riga ne ke rina ta ba. Baba dai yana kama auduga da kansa. Yawancin sauran sai an yi musu shimfiɗa: a dafa ƙyallen a fitar da maiƙo da sitacin kanti, a jiƙa shi a ruwan bagaruwa, sannan a ruwan alif, wannan da ake tace ruwan sha da shi, kafin a kai shi tukunyar launi. A shanya a inuwa. Yadin roba kuwa ɓata lokaci ne, ba ya sha. Kuma kasancewar abu daga tsiro ba ya nufin ba ya cutarwa: ruwan toka na tsattsage hannu, tukunyar rini kuma ba a mayar da ita kan girki.

Wa zai ɗauki mazarin?

Ba mai hankalin da zai ce a koma tufatar da miliyoyin mutane da mazari. Saƙin hannu ba zai yi gasar arha da yadin Kantin Kwari ba, kuma ba nan kasuwarsa take ba. Kasuwarsa tana wurin sarakuna da mahaya, da ango da amarya, da masu ɗinkin zamani da ke neman abin da inji ba ya iya yi. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, a zama ɗaya da saƙar kente ta Gana. Gana ta kai tufar kanta. Mu mun kai bikin, alhali yawancin abin da mahayan ke sawa daga waje aka shigo da yadinsa. A Burkina Faso, tun da Thomas Sankara ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙar gida da ake kira Faso Dan Fani a shekarun 1980, mata masu masaƙa a tsakar gida suka sami masu saye, kuma sana'ar na nan da ranta.

Gyaran karofi da yi masa katanga abu ne mai kyau, amma rami ba ya rina iska. Yana buƙatar manomin da zai ware kunya biyu ya shuka baba, da masaƙin da zai sami zare, da matar da za a biya kuɗin ƙullinta daidai da kwanakin da ta yi a kai. A ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram har yanzu akwai tsofaffin da yatsunsu ba su manta ba, kuma kowace shekara raguwa suke yi.

Taskirar kakata tana nan a gidanmu. Da aka zo rabon kayanta ba wanda ya nema, sai aka tura ta ƙarƙashin gado. Kwanan baya na buɗe. Allin ya farfashe, fatar ta bushe, amma a jikin mazari ɗaya akwai sauran zaren da ta fara ba ta gama ba. Na kama bakinsa na ja da ƙarfi, bai tsinke ba.